Daji namu ne, amma baƙo kaɗai ke da wurin kwana a cikinsa



Makon jiya cikin shiri munka jefa wata tambaya da munka ɗauka ƙarama ce. Munka ce, a cikinku wa ya taɓa kwana, ko da dare guda, a ɗaya daga cikin gandayen dajin da ƙasar Nijar ta keɓe? Layi ya buɗe, waya ta yi ta shigowa daga Maraɗi, daga Tasawa, daga Damagaram, har da wani ɗan uwa daga Yamai. Ba a samu ko mutum guda ba. Wani dattijo ma dariya ya yi har da tari, ya ce: "Ɗana, mu da munka yi shekara da shekaru muna neman hanyar barin daji mu shigo gari, yanzu kana so mu biya kuɗi mu koma mu kwana ƙasa?" Mun yi dariya tare da shi, don Baba yana da tashi gaskiyar. Amma bayan an rufe shiri maganar ta ƙi barinmu, shi ya sa munka ce bari mu rubuta ta a nan inda babu mai tsaida mu don lokacin talla.

Bari mu fara da abin da muke da shi, don da yawanmu sunan kawai munka haddace a lakwal. Gandun dajin W, can kudu da Yamai wajen kilomita 150, an mai da shi babban gandun ƙasa a 1954. Ɓangaren Nijar kaɗai ya kai eka ta hekta 220,000, kuma sunan ya fito ne daga yadda kogin Kwara ya lanƙwashe a wurin kamar harafin W. UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1996, a 2017 kuma aka haɗa shi da Arli ta Burkina Faso da Panjari ta Benin. Akwai giwa, akwai ɓauna, akwai gwanki, akwai dorina cikin ruwa. Nan jahar Maraɗi muna da Gadabeji, arewa da Dakoro, hekta 76,000, an keɓe shi tun 1955, UNESCO ta amince da shi a 2017. Gabas akwai Tarmit da Tin Tumma da anka kafa a 2012. Arewa akwai Ayar da Tenere. Duk wannan mushe ya rubuta mana a allo, mun kwafe a kaye, mun amsa ranar jarrabawa, an ba mu maki. Ko sau ɗaya ba wanda ya ce mana ga hanyar zuwa, ga abin da ake biya, ga inda za ku shimfiɗa tabarma.

Dubi shekarun nan biyu: 1954 da 1955. Lokacin Faransa ke mulki, sai 1960 munka samu ƴancin kai. Wanda ya shata iyakar ya shata ta da nasa baƙi a zuciya, mai zuwa da kat-kat da abin ɗaukar hoto, mai sauka otel ɗin Tapowa ya sha ruwan sanyi. Ba mu zargin wanda ya mutu. Abin da ke ba mu haushi shi ne, bayan shekara sittin da ɗoriya tunanin bai sake ba. In an ce yawon buɗe ido, ma'aikacinmu nasara yake hangowa. In ɗan ƙasa ya tunkari bakin gandu da buhunsa a kai, abin da ke fara zuwa ran mai tsaro shi ne ko maharbi ne, ko mai saran icce ne.

Mu ma mun ɗanɗana. Shekarun baya, mu huɗu abokan aiki, munka shiga wani ofishi a wani gari da ba za mu ambata ba, munka ce muna so mu kwana dare biyu cikin gandu da namu guzuri, a faɗa mana ƙa'ida da abin da za mu biya. Mutumin ya dube mu sama da ƙasa, ya ce: "Wane furoje ya turo ku?" Munka ce ba furoje, mu ne dai. Ya ce: "Ina baƙin naku?" Munka ce mu ne baƙin. Ya buɗe durowa ya rufe, ya ce mu dawo in shugaba ya dawo daga taro. Mun dawo sau biyu. Shugaba bai dawo ba har hutunmu ya ƙare. Ba mu ce mugun mutum ne ba. Mun fi zaton ba a taɓa ba shi takardar da ta yi maganar irinmu ba, shi ya sa bai san inda zai sa mu ba.

To ga shi baƙon da anka gina kome dominsa ya daina zuwa. Ranar 9 ga Agusta 2020, a Kure, kilomita 60 daga Yamai, inda raƙuman dawa suke, ƴan bindiga sunka kashe mutum takwas: Faransawa shida ma'aikatan agaji, da ƴan Nijar biyu, direbansu da jagoransu. Allah ya jiƙan namu, ya ba iyalan duka haƙuri. Bayan nan Faransa ta shafa wa taswirar Nijar jan launi baki ɗaya in ban da Yamai, ta ce wa ƴan ƙasarta kada su taka. Yankin W kuwa kowa ya san halin da ya shiga da masu ɗauke da makamai. Jagororin da ke ci da iyalinsu daga wannan aiki, da mata masu saida abinci a bakin hanya, da masu kwale-kwale, duk sun koma zaman jiran gawon shanu. Kuma har yau in ka saurari jawaban da ake yi ranar buki, maganar ɗaya ce: in tsaro ya dawo baƙi za su dawo, a samo masu zuba jari su gina otel mai kilim da wurin wanka. Mutum miliyan ashirin da wani abu na zaune cikin ƙasar, ba a lissafa ko ɗaya cikinsu a matsayin mai ziyara ba.

Abin da muke kira a yi bai buƙatar siminti ko buhu guda. Fili ne a share ƙarƙashin gawo ko aduwa, a kafa alama, a jera duwatsu uku na murhu, a gina rami nesa don biyan buƙata, a ce mutum goma ko goma sha biyar ke iya kwana nan, ba fi ba. Babu lantarki, babu famfo, babu mai dafa maka. Kai za ka zo da tabarmarka, da sangenka, da bidon ruwa, da buta, da cocila, da garin rogo ko shinkafa da wake. Mota ta tsaya bakin gandu, saura a taka da ƙafa tare da jagora. Da safe ka naɗe kayanka, ka kwashe ledarka, wanda zai zo bayanka ya tarar da wurin kamar ba a kwana ba.

Kada wani ya ce wannan tsarin talauci ne. Amurka mai tarin otel-otel ma tana yin shi. A jahar New York akwai wani makeken daji da ake kira Adirondak, wanda tun 1894 kundin tsarin mulkin jahar ya ce ƙasar gwamnati da ke cikinsa za ta zauna daji har abada, ba saidawa ba sarewa. A mafi yawan wannan ƙasa mutum na iya shiga da jakarsa ya kwana kyauta. Ƙa'idojin kaɗan ne kuma a rubuce suke: in ba wurin da anka sa wa alama ba ne, ka nisanci ruwa da hanya da taku 150 irin nasu, wajen mita 45 ke nan. In za ka wuce dare uku wuri guda, ko kun kai mutum goma, sai ka karɓi takarda wajen ma'aikacin gandun daji. Iccen wuta sai busasshe wanda ya faɗi da kansa. Abin da ka shigo da shi ka fita da shi. Shi ke nan. Bakanike da malamin makaranta da ɗalibi duk suna zuwa, don ba a sa kuɗi tsakaninsu da dajinsu ba. Kusa da mu ma, Yankari ta jahar Bauchi, ƴan Najeriya da kansu ke cika ta lokacin hutu, motocin makaranta na kai yara su ga giwa su yi wanka a ruwan ɗumin Wikki. Ba su jira nasara ya zo ya nuna masu ba.

Abin dariyar ma shi ne, wa zai koya wa ɗan Nijar kwanan daji? Bafulatanin da ke tafiya da shanu daga kudu zuwa arewa kowace damina? Buzun da ke ratsa Tenere da ayarin raƙuma zuwa Fashi da Bilma ɗauko gishiri da dabino, yana karanta hanya da taurari? Kakanninmu fatake da sunka yi ta zango tsakanin Katsina da Agadas? Kalmar zango ma tamu ce. Ilimin na nan, mutanen na nan da ransu. Wanda ya rasa shi shi ne yaron da anka haifa a Zariya ta Maraɗi ko Sabon Gari ta Damagaram ko Talaje ta Yamai, wanda ya san sunan ƴan ƙwallon Real Madrid har da na benci amma bai iya bambanta sabara da geza, bai taɓa ganin barewa ba sai a hoto, jimina kuwa sai a gidan tarihi na Bubu Hama cikin waya. Baba mai dariya, da kai muke: kai ka sha daji har ya ishe ka, mun yarda. Jikanka fa? Shi bai bar daji ba, ba a taɓa kai shi ba ne.

Yanzu maganar tsaro, don mun san ita ce za ta cika sharhi a ƙasan wannan rubutu, kuma ba mu ɗauke ta da wasa ba. Ba mu ce a kwashi ƴan makaranta a kai su W gobe ba. Ba mu ce a je a shimfiɗa tabarma cikin dajin Baban Rafi ba, inda mutanen Madarumfa da Gabi sunka san abin da ɓarayin shanu da masu satar mutane sunka yi masu. Wanda ya ce a yi haka bai da hankali ko bai da ɗa. Amma Nijar faɗi gare ta, kuma ba ko'ina ne wuta ke ci ba. Hukumomin tsaro sun san inda ke lafiya da inda ba lafiya, wata da wata. To su faɗa. A ce bana wuri kaza a buɗe yake daga Disamba zuwa Fabrairu, wuri kaza a rufe. In labari ya sake a rufe ran nan, ba wanda zai yi gardama. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a ɗauki kalmar tsaro a lulluɓe ƙasa duka da ita, a huta da tunani. Kasuwannin ƙauye na ci kowane mako, ana zuwa biki, ana zuwa Kure Sale a Ingal, ana taron makiyaya, duk da rakiyar da ta dace. Sai kwanan dare guda na yara ashirin da malamansu ne ya gagara?

Kuma a duba wani abu. Dajin da mutanen kirki sunka daina shiga ba ya zama babu kowa. Wani ne ke shiga. In ma'aikacin gandun daji na da dalilin zagayawa kullum don akwai masu kwana, in jagora ɗan ƙauyen na samun na cefane daga wurin, in mai gari ya san ana kawo wa garinsa ciniki, idanu sun yi yawa a kan dajin ke nan. Ba mu ce wannan zai kori mai bindiga ba, aikin soja ne wannan. Amma maharbin dare da mai gawayi da mai shinge fili ba bisa ƙa'ida ba, su kam ba su son inda ake yawan wucewa.

Abu na biyu da za a ce, kuma shi ya fi ba mu tsoro mu kanmu, shi ne wuta. Duk wanda ya san Bermo da Dakoro da Abalak ya san abin da gobarar daji ke yi bayan damina, lokacin da ciyawa ta bushe iska na kaɗawa. Guntun taba guda na iya cinye abincin dabbobin shekara. Kowace shekara ana biyan mutane su share layukan tare wuta saboda haka. In za a kawo ƴan birni da ashana a aljihu ba tare da ƙa'ida ba, gara a bari. Shi ya sa muke cewa wuri ƙididdigagge, murhu guda, jagora dole, wuta a kashe ta da ƙasa a taɓa toka da hannu kafin a tashi. Lokacin da iska ta yi ƙarfi a hana hura wuta gaba ɗaya, a ci ƙuli-ƙuli da gari a sha ruwa, ba wanda zai mutu. Haka maganar leda. Mu da munka mai da kowace bishiyar bakin gari mai furen baƙar leda, ba mu da bakin cewa za mu tsabtace daji sai an tilasta mana. A ƙirga ledar ruwan da kowa ya shiga da ita, a ƙirga ta wajen fita. Wanda tashi ta kasa ya biya tara. Akuya da barewa duk ciki ɗaya gare su, leda ba ta narkewa a ko wanne.

Sai makiyaya. Gadabeji a tsakiyar ƙasar kiwo yake, Fulani da Buzaye ke kewaye da shi tun kafin a shata shi. In wannan shawara tamu za ta zama sabon dalilin korar mai garke daga rijiya don ɗan birni ya ɗauki hoto, mun janye ta tun yanzu. Su ne ya kamata su zama jagorori, su ne za su saida nono da cuku da akuyar yanka, su ne za su ba da hayar raƙumi ko amalanke, kuma a zauna da shugabanninsu kafin a kafa alama ko guda. Masu cewa kuma za a haɗa samari da ƴan mata cikin daji a lalata tarbiyya, amsarku gajera ce: zangon maza daban, na mata daban da malamansu mata, da izinin iyaye a rubuce. Ana yin haka wajen musabaƙa da wasannin makarantu, ba a ce a daina su ba.

Me ya sa muke ɗaga murya a kan abin da wasu za su ce wasan masu ƙoshi ne, ga tsadar hatsi ga rashin aiki? Saboda abin da ba ka sani ba ba ka kare shi. Lokacin da anka kafa Tarmit da Tin Tumma a 2012, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 97,000, yana cikin mafi girma a Afirka, kuma nan ne sauran adaks na ƙarshe ke rayuwa a sake, wata farar dabbar hamada mai murɗaɗɗen ƙaho wadda ta kusa ƙarewa a duniya. A 2019 gwamnati ta sake shata iyakarsa, ta fitar da babban yanki saboda aikin man fetur. Ko mutum na goyon bayan wannan ko yana adawa, tambayarmu ita ce: mu nawa munka ji? A fada nawa anka tattauna shi ana shan shayi? Mu da ke aikin rediyo ma, mu faɗi gaskiya, ba mu ba shi ko rabin lokacin da muke ba kokawar gargajiya ba. Ba mu san wurin ba, shi ya sa bai yi mana zafi ba.

Dubi kuma raƙuman dawa. A 1996 saura kimanin 50 kacal sunka rage a duk Afirka ta Yamma, dukansu a yankin Kure. Da haƙurin manoman da ke kallo suna cinye masu wake, da aikin jagorori da ma'aikatan gandun daji, sunka haura 600. A Nuwamba 2018 anka ɗauki takwas cikin manyan motoci, tafiyar fiye da kilomita 800, anka kai su Gadabeji, inda fari da farauta sunka ƙarar da irinsu tun wajen shekarun 1970. Jaridun duniya sun buga labarin. Raƙuman nan na cikin jaharmu yau, suna cin ganyen ƙaya. Ɗalibin lise na Maraɗi nawa ya gan su? Wanda zai zama prefe ko ɗan majalisa nan da shekara ashirin, ranar da wani mai kuɗi zai kawo mashi takarda ya ce a yanka mashi gefen gandu, me zai tuna da zai sa hannunsa ya yi nauyi? In ya taɓa kwana can, ya ji kukan dila da dare, ya tashi da asuba ya ga sawun raƙumin dawa kusa da inda ya yi alwala, wataƙila ya tsaya ya yi tunani. In a kaye kawai ya san shi, zai sa hannu ya tafi cin abinci.

Ba lalle sai manyan gandaye ba ma. Tabkin Gidimuni na nan a jahar Damagaram, na Tabalak na nan a jahar Tawa, tsuntsaye na sauka can lokacin sanyi daga ƙasashe masu nisa. Ana iya keɓe fili a bakin irin waɗannan, in masu gonaki da masunta da hukumar tsaro sun yarda.

Don haka ga abin da muke nema, kuma muna so a ba mu amsa da suna da rana. Ma'aikatar muhalli ta fitar da farashin ɗan ƙasa a rubuce, da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek, a manna shi a bakin kowane gandu, a karanta shi a rediyo. A ganinmu kada ya wuce jika guda a dare ga babba, ɗalibi kuma rabin haka, kuma a ba da rasit, a faɗi kason da ke komawa ga ƙauyukan kewaye. A fara da zango biyu ko uku a wuri guda da hukumar tsaro ta amince da shi, lokacin sanyi guda, a gani. In ya lalace a faɗa mana dalili. Shugabannin makarantu da ƙungiyoyin iyaye, ku da kuke tara kuɗin bikin ƙarshen shekara ana kiɗa ana raba lemu, ku ware na mota guda. Ƴan fada masu tara kuɗin shayi da na rigar Sallah iri ɗaya, ku ma kuna iya haɗa na mai.

Mun aika wa waɗanda abin ya shafa gayyata su zo cikin shiri su yi bayani da bakinsu, kujera na nan mun aje masu. Baba mai dariya kuma, mun riƙe lambarka. In an buɗe zangon farko za mu kira ka, ka ba mu aron jikanka dare guda, kai ka yi zamanka a gari.